Cebar Garayar Baba Tsoho

Jiya maƙwabtanmu suka tashi da biki. Tun da hantsi aka jera akwatunan lasifika a bakin ƙofarmu, wani saurayi ya kama makirfo yana hura masa iska, sai abin ya saki wani kuka mai tsini, irin wanda ke shiga ta haƙori kafin ya kai kunne. Ina zaune ina tsince shinkafa, ban san lokacin da na ture faifan ba. Jikata ta zaci tsorata na yi. Ba tsoro ba ne, haushi ne, kuma tsohon haushi, don ya girmi uwarta nesa ba kusa ba. A kasuwar Kankiya na fara jin wannan kukan, zamanin Turawa, ina yarinya, kuma har yau ban huce ba.

A wani ɗan ƙauye kusa da Bauranya na tashi, a hannun kakannina na wajen uba. Shi muna ce masa Baba Tsoho, ita kuwa Kaka. Baba Tsoho manomi ne kamar kowa, amma da ƙuruciyarsa shi ke yi wa maharba kiɗa, kuma ko da ƙafa ta daina bin daji, bai rabu da garayarsa ba. In ba ka san garaya ba, itace ne ake fafewa kamar ɗan dogon akushi, a rufe shi da fata, a sa masa sanda da tsirkiya biyu. A ƙarshen sandar ake soka wani fallen ƙarfe mara kauri, an huhhuda gefensa an zura ƙananan zobba. Shi ake kira ceba. Da tsirkiya ta motsa sai ceba ta ɗauki rawa, ta riƙa wani ɗan zuza can ƙasa-ƙasa a bayan kiɗan. Ta Baba Tsoho ba a kasuwa aka saye ta ba. Mahaifin Kaka, wanda maƙeri ne a Yashe, shi ya ƙera masa ita da hannunsa a shekarar da aka yi aurensu.

Baba Tsoho ba ya dukan garaya, lallaɓa ta yake yi. Bayan la'asar, in an dawo daga gona an wanke ƙafa, sai ya zauna a inuwar rumbu ya ɗora ta a cinya. Wanda ke bakin zaure ma ba lallai ya ji ba. In kana son ji, sai ka matso, ka zauna, ka yi shiru. Na sha ganin Fulani masu tallan nono sun sauke ƙwarya sun gurfana kusa da shi, har sai an tuna musu rana ta yi nisa.

Ita Kaka kunnenta ya tafi tun kafin in yi wayo, wani zazzaɓi mai sanƙarar da wuya ne ya tafi da shi. Na dama ya mutu sam, na hagu kuwa sai an kafa baki a kansa an yi ihu, kuma aikina ke nan a gidan. Amma tana da dabararta ta jin kiɗan mijinta. In ya fara, sai ta ajiye audugar da take kaɗi, ta zare tsinken mazarinta, ta ciza kai ɗaya da haƙora, ta ɗora ɗaya kan a jikin itacen garayar. Sai ta lumshe ido. Tana nan a haka, tsohuwa da tsinke a baki, wuya a miƙe, har ya gama. Ni dariya abin ke ba ni. Nakan zagaya su ina tafi ina cewa Kaka na cin garaya, ita kuwa ta daƙa mini daƙuwa ba tare da ta buɗe ido ba. Baffana, ƙanen mahaifina, shi kunya abin ke ba shi. In ya shigo da baƙo ya tarar da su haka, sai ya ja baƙon su koma zaure.

Ni na fara kawo labarin motar. Wata bazara na je tallan ƙuli-ƙuli Kusada, na tarar da mota tsaye, da wasu manyan ƙahoni biyu na ƙarfe a kanta. Mutum ɗaya na magana a hankali cikin wani abu kamar ludayi, amma muryarsa na fita ta ƙahonin har bayan gari. Na dawo gida a guje, rabin ƙulin ban sayar ba. Baffa ya san su, don a lokacin shi ke ɗaukar wa malamin gona kaya. Ya ce zagaya kasuwanni suke yi suna wa'azin takin zamani na gyaɗa, kuma suna neman makaɗin da zai tara musu jama'a a Kankiya kafin a fara jawabi. Tuni ma ya ambaci Baba Tsoho.

Baba Tsoho ya ƙi. Ya ce garayarsa ba ta cin kasuwa. Baffa ya dawo washegari da maganar girma da suna, tsohon ya sake ƙi. Ni ce na karya shi, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Na tsaya a gabansa da bakin nan nawa da ba ya mutuwa, na ce, "Baba Tsoho, wato ba ka so Kaka ta ji ka da kunnenta ko sau ɗaya? Sai dai ta yi ta cin itace?"

Ya dubi Kaka, tana can tana kaɗinta ba ta san abin da ake ciki ba. Da ya idar da sallar magariba ya aika aka gaya wa Baffa za shi.

Da na kafa baki a kunnen Kaka na gaya mata, sai da ta sa na maimaita sau uku. Ranar tafiya ta ciro zanenta saƙi daga ƙasan adudu, wanda sai sallah yake ganin rana, ta shafa tozali. Muka ɗora ta a jaki da asuba. Baba Tsoho na gaba da garaya a naɗe cikin tsumma, ni ina jan igiya. Zafin bazara ya kama mu tun kafin rabin hanya, amma tsohuwar nan ko ruwa ba ta nema ba, sai gyara ɗankwali take yi tana fito da kunnen hagu.

Motar na tsaye a bakin kasuwa. Wani Bature na zaune a inuwarta kan kujera mai naɗewa, yana fifita da hularsa. Mai kula da injin kuwa ɗan ƙasa ne, saurayi, da alƙalami a aljihu da takalmi sau-ciki. Bai gai da Baba Tsoho ba, mutumin da ya yi jika da shi. Turmi aka kife masa ya zauna, saurayin ya jawo ludayin nan ya kafa shi daf da garayar, ya ce a taɓa a ji.

Baba Tsoho ya taɓa yadda ya saba. Ceba ta ɗauka, sai ƙahonin suka saki wannan kukan da na gaya maka. Jakai suka firgita, mata suka toshe kunne. Baturen ya yamutsa fuska ya faɗi wata kalma guda. Kafin kowa ya ankara saurayin ya kai hannu ya fizge cebar daga kan sandar, kamar mai cire ƙaya daga ƙafar akuya.

"Wannan ƙarfen ne ke ɓata mana sauti," in ji shi. "Datti ne kawai."

Datti! Abin da aka ƙera tun ba a haifi ubansa ba. Ya wurga ta cikin akwatin kayan gyaransa, tsakanin ƙusoshi da tsummokaran mai. Baba Tsoho ya miƙa hannu, saurayin ya ce sai an gama, tsoho. Sannan ya shiga koya masa kiɗa: ya buga da ƙarfi, kada ya sassauta, kada ya karkata jiki, kada ya yi irin wannan jan da yake yi a hankali don injin ba ya kama shi. Baffa na tsaye a gefe yana gyaɗa kai, har da cewa haka ne.

Aka zaunar da Kaka a gindin ƙahon. Baba Tsoho ya dube ta, ya sunkuyar da kai, ya buga.

Ba zan yi maka ƙarya ba, kasuwa ta tashi. Mahauta suka bar nama, masu awo suka bar mudu, aka yi da'ira ana shewa. Sautin ya cika ko'ina, ƙato, busasshe, kowane bugu na faɗowa daban kamar ana sara icce. Kuma ni ma ya burge ni. Na yi tsalle na yi rawa, ina duban 'yan matan Kankiya don su san kakana ne. Da na gaji na ruga wurin Kaka. Tana zaune ta karkata kai, idonta a buɗe, tana kallon ƙahon. Na kafa baki na ce, "Kaka, kin ji? Kin ji?"

"Na ji," in ji ta, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Wanga mai bugun kwano ya cika mani kai. To shi Malam yaushe za ya fara?"

Na kusa da mu suka fashe da dariya, maganar ta bi baki har ta zagaya da'irar. Baba Tsoho yana taku biyar daga gare ta, hannunsa na kan tsirkiya, amma ita sama take kallo, ba ta haɗa wannan hayaniyar da shi ba. Na ga lokacin da maganar ta iso masa. Hannunsa bai tsaya ba, don saurayin na yi masa alama ya ci gaba, amma bai ƙara ɗaga kai ba har ya gama.

Daga nan aka shiga jawabin taki. Aka ture mu gefe da turmin da komai. Da aka watse Baba Tsoho ya bi saurayin yana tambayar cebarsa, shi kuwa yana naɗe waya, ya ce akwatin ya riga ya shiga ƙarƙashin kaya, ba zai sauke mota saboda guntun ƙarfe ba, za a ba Baffa. Direba ya tayar, suka yi gaba. Baffa ya yi ta cewa mako mai zuwa har damina ta faɗi, daga baya ya daina cewa komai.

Maƙerin ƙauyenmu ya ƙera wata. Ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya ji ƙansa, kuma a kunnena ban ji wani bambanci ba. Ranar da aka soka ta, bayan la'asar, Baba Tsoho ya zauna a inuwar rumbu. Kaka ta zare tsinkenta, ta ciza, ta ɗora, ta lumshe ido. Ba a jima ba ta buɗe. Ta gyara zaman tsinken ta sake gwadawa. Sannan ta cire shi daga baki, ta goge a gefen zane.

"Bar shi haka nan, Malam," ta ce. "Kada ka wahal da hannunka."

Ta mayar da tsinken cikin mazari ta ci gaba da kaɗi. Shi kuma ya rataye garayar a ɗaki, can ta zauna har gara ta ci fatar. Damina biyu bayan nan Kaka ta rasu. A cikin ɗan abin da ta bari, tsinken nan ni ya faɗo wa, don ba wanda ya so shi.

Baffa kuwa har ya tsufa yana alfahari da ranar. Duk inda aka zauna sai ya ce kiɗan ubansa an ji shi har wajen masu sayar da shanu. Da na girma na taɓa tare shi da maganar, ya ce kowa da abin da kunnensa ke so, shi na ƙahon ya fi masa. Ban musa masa ba, don ni ma na yi rawa. Mai son kiɗa ya girgiza bango ya je ya sha abinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda bai taɓa zama ya saurare ka ba ya zo ya yanke wane ɓangaren kiɗanka ne datti, ya fizge shi ya jefa a akwati. Yanzu ma haka ake yi, ba a ko tambaya. In an yi biki sai unguwa duka ta ji, ta so ko ta ƙi, kuma ba ka ganin wanda ya matso kusa da makaɗi ya zauna ya yi shiru.

Nawa kunnen ma ya fara tafiya. Jikoki sai ƙara wa rediyo murya suke yi, suna ganin taimako ne. Bara da aka yi suna a gidan nan, ɗana ya gayyato wani tsohon mai garaya daga Kafin Soli, aka kafa masa makirfo. Ana tsakiyar yi aka ɗauke wuta. Jama'a suka hau tsaki, wasu suka fara neman takalmansu. Ni kuwa na hango ceba a kan sandarsa. Na sa aka kira shi cikin gida, na ce ya zauna kusa da ni ya taɓa a hankali, yadda zai taɓa in shi kaɗai ne. Na shiga ɗaki na ɗauko tsinken Kaka daga ƙasan akwati, na nemi haƙoran da suka rage mini na ciza, na ɗora ɗaya kan a jikin itacen.

Yara suka taru suna dariya, wata ƙarama har da tafi, wai Hajiya na cin garaya. Ban buɗe ido ba. Kiɗan ya biyo tsinken ya shiga haƙorina, ya hau muƙamuƙi, ya zauna a tsakiyar kaina, tsirkiya biyu ras, da ceba na rawa a bayansu, kowane zobe da tasa 'yar murya. Ban taɓa jin garaya kusa haka ba, ko lokacin da kunnena ke da lafiya. Ashe duk shekarun da nake zagaya Kaka ina mata dariya, ta fi mu ji duka gidan, ni kuma na ja jakinta har Kankiya wai don in kai ta ta ji.