Daminar da Maharazu Ya Yi Yana Jifa

Maharazu ɗan Tsafe ne. A 1975, lokacin da kuɗin mai ya sa gwamnati tura ɗalibai waje rututu, aka turo shi London karatun safiyo. Bai taɓa jin sunan besbol ba, wasan nan na Amurkawa da wani ke jefa ƙwallo, wani ya tare ta da kulki.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, yana ratsa filin shaƙatawa na Regent's Park da abokin zamansa Rwang, mutumin Jos mai aikin jinya, sai ƙwallon 'yan besbol ta gangaro gabansa. Ya ɗauka ya wurga wa masu ita daga nesa, ta faɗa hannun mai cafewa da ƙara kamar an fasa gora.

Kocinsu, wani dattijo Ba'amurke mai suna Ephraim, ya taho da sauri yana tambayar inda ya koyi jifa.

"A gonar gero," in ji Maharazu. "Shekara bakwai ina korar tsuntsaye da hoge."

Ephraim ya ce ya zo ran Lahadi ya yi wasa da su. Rwang ya ja rigar Maharazu. "Mutumina, karatu fa ya kawo ka."

"Karatu Litinin zuwa Juma'a ne. Lahadi tawa ce."

Sati uku ya ɗauka yana koyon dokoki, kafin ya daina jifan mai kulkin maimakon gabansa. Daga nan kuwa sai wanda ya gani. Wasa goma sha huɗu ya yi wa ƙungiyar, suka ci sha ɗaya. Biyu na ƙarshe da azumi a bakinsa ya yi su, Ephraim na bin sa da ruwa yana girgiza kai.

Da kaka ta yi, dattijon ya zo har gidan hayarsu a unguwar Lewisham da takarda: wata ƙungiya a Amurka na son gwada shi. Maharazu ya karanta sau biyu, ya ninke, ya mayar masa.

"Baba, na gode. Amma jifa na riga na san na iya. Hanya ce ban taɓa shatawa ba."

Ephraim ya yi fushi, har ya bar shayinsa bai sha ba.

Shekara na zagayowa Maharazu ya gama, aka tura shi sabuwar jihar Bauchi. Shekara talatin ya yi yana awon hanyoyi, kafaɗarsa lafiya lau, jifa bai lalata ta ba, ya yi ritaya a Azare da 'ya'ya tara.