Tambayar da Ba Ta Jiran Amsa

Shekara talatin shagona na ɗinki yana jingine da na Mai Agogo, kuma ban taɓa ganin mutum mai zurfin ciki irinsa ba. Ko ciwo zai kashe shi, in ka tambaye shi sau ɗaya, lafiya lau zai ce. Na biyu ma haka. Sai ka zauna, ka yi ta uku, sannan ya ajiye madubin idonsa ya faɗa maka gaskiya. Marigayiya matarsa ta san wannan, ni ma na sani.

Ɗansa tilo, wanda muke kira Auta duk da ba shi da wa, yana aiki a wata ƙasa. Duk mako yakan bugo waya yana cikin sauri, ya ce, "Wasof, Baba?"

Ran nan Mai Agogo ya leƙo shagona ya ce, "Tela, wai mene ne wasof ɗin nan?"

Na tambayo masa 'yata mai koyar da Turanci. Ta ce asalinta "me ke faruwa?" ne, bakin samari ya gutsure ta, kuma gaisuwar tsara ce. Ba a jiran amsa, sai ka ce ba komai a wuce.

"Tambayar da ba a jiran amsarta," in ji shi, "ina amfaninta?"

Alhali idonsa ke mutuwa. Ina ganinsa yana lalubar 'yar ƙusa a kan farin ƙyalle, ƙusar kuwa tana gaban hancinsa. Likita ya ce in an yi aiki da wuri akwai dama. Na ce ya gaya wa yaron, ya ƙi. Na ce to ni zan gaya masa, ya sa ni na rantse ba zan yi ba.

"Bai tambaye ni ba, Tela."

"Ai ya tambaya!"

"Sau ɗaya."

Wallahi har yau ina jin haushin wannan rantsuwa, ina jin haushinsu su biyun.

Watan jiya Auta ya aiko da agogon hannunsa, wai babu wanda ya yarda ya taɓa masa shi sai Baba. Tsohon ya buɗe bayansa da lalube, ya daɗe yana shafa bakin murfin da yatsa. Wayarsa ta yi ƙara, na danna masa.

"Baba, ka gyara?"

"Ana kai, ɗana."

Ya miƙo mini murfin, ya ce in rufe masa, kada ƙura ta shiga.