Baba Mai Iska na Ɗakin Bakwaini

Kafin mu karɓi aikin safe ya riga ya jingina tsaninsa a barandar asibiti. Zai ɗaga murfin silin ya zura kai da kafaɗu, ba abin da za ka gani sai ƙafafu da tsofaffin takalma. A hannunsa akwai wata 'yar na'ura mai farfela, yana kara ta a bakin bututun iska, tsakiya da gefe-gefe, yana motsa leɓe yana lissafi. Mu ma'aikatan jinya Baba Mai Iska muke ce masa. Yakan ce, "Don Allah ku riƙa ƙarasawa, mai auna iska ne, kada a ce aljanu gare ni." Ƙarar manyan fankokin da ke tura iskar ta cinye masa kunne ɗaya, sai ka zagaya ta dama yake jin ka. Makon jiya ya yi ritaya.

Ni ce babbar nas a ɗakin bakwaini, kuma kowa ya san ba ni da haƙuri. A watansa na ƙarshe muka samu wata jaririya, 'yar fari ga uwar da ta sha ɓari. Mun fito da ita daga kwalbar ɗumama jarirai, amma jikinta ya ƙi riƙe ɗumi. Nonon da take sha duk wajen yaƙi da sanyi yake tafiya, nauyi ya ƙi ƙaruwa. Likita ta ce in haka ta ci gaba sai ta koma kwalba, kuma mun san komawar ba ta cika yi wa irinsu kyau ba. Uwar ta daina tambayarmu komai, ido kawai take bin mu da shi.

Ina gyara mata hula na ga gefen tawul ɗinta yana kaɗawa. Na ɗaga kai, ashe bakin bututu ne a samanta. Gadaje duk a cike, in na matsar da ita wani zan sa a wurin. Na aika a kira Baba, na tare shi a ƙofa.

"Baba, toshe mini ramin nan yanzu-yanzu!"

"Sannu, Sista. In na toshe, iskar ba komawa za ta yi ba, kan na kusa da ita za ta sauka."

"To rage ta daga inji mana!"

"Sai ɗakin ya cushe, numfashin wannan ya zama na wancan. Ki bar ni in auna."

Wallahi kamar in fizge tsanin. Ya auna tsawon bakin da faɗinsa, ya kara na'urarsa, ya shige silin yana jan ciki. Da ya fito, ƙura har gira, ya yi mini bayani a hankali. Yawan iskar da ke shigowa daidai yake. Amma ana raba shi ne da girman bakin bututu a samu gudunta, kuma a wani gyara da aka yi an sa wa wannan wurin ƙaramin baki. "Kamar ki danne bakin tiyo da yatsa ne," in ji shi. "Ruwan bai ƙaru ba, gudu ya ƙara." Ya lissafa girman da ya dace, ya je ya yanko kwano ya lanƙwasa, kafin la'asar ya ɗaura. Ya sake aunawa a kan kowane gado, bai tsallake ko ɗaya ba.

Yarinya ta riƙe ɗuminta. Sikeli ya fara motsi.

Ranar sallamarta ta zo daidai da ranarsa ta ƙarshe. Yana saukowa daga tsani uwar ta fito rungume da ita. Ta ga tsoho butu-butu da ƙura, ta ja mayafi ta rufe fuskar 'yarta, ta raɓe bango ta wuce. Raina ya sosu. Na buɗe baki in gaya mata ko wane ne, ya girgiza mini kai.

Baba, kai ne ka yi shekaru kana rarrafe a saman kawunanmu don waɗanda ba za su taɓa sanin fuskarka ba. Kai ne ba ka taɓa cewa "ai ya isa haka" ba tare da ka auna ba. Na gode, kuma ina kewarka tun yanzu. Allah ya saka maka, ya bar maka kunnen da ya rage. Ku kuma da kuka gaji tsanin, ku auna kafin ku taɓa, akwai mai numfashi a ƙasanku.

Da na yi masa ƙorafi a kan matar nan, dariya ya yi.

"Haba Sista, ai daidai ta yi. Ni ma da za ta tambaye ni cewa zan yi ta rufe ta. Barandar nan iska ta yi mata yawa."