Madubin Yaya Bitrus da gadar Kaduna

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Bitrus, malamin kimiyya a wata sakandare ta Barnawa. Har ya koma ga Ubangiji bai daina musu da amininsa Malam Isa ba a kan abu guda: wace ce babbar bajintar ɗan Adam a binciken sararin samaniya? Malam Isa ya kafe a kan saukar mutum a duniyar wata. Yaya kuwa ya ce hoton duniyarmu ne da aka ɗauko daga can sama. "Duba da kyau, Malam," yakan ce, "ka nuna mini gadar Kaduna a ciki."

Yana da dalilinsa. Rikici ne ya mayar da Malam Isa tsallaken kogi, mu muka zauna kudu, kowa ya bi nasa. Amma Yaya bai fasa hawa bas ya je musunsa ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ya tara 'ya'yansa ya ce madubinsa na hangen taurari, wanda ya harhaɗa da bututun ruwa, na Malam Isa ne. Suka ce to.

Makon jiya aka yi addu'ar tunawa da shi. An ɗinka anko, an yanka sa, an buga hotonsa a jikin kofuna. Da na zagaya bayan gida sai na tarar an tokare ƙofar akurkin kaji da madubin. Na tambayi babban ɗansa me ya hana a kai wa Malam Isa madubin tsallaken kogi, ya ce, "Anti, kin san yadda can ɗin yake." Wannan fa mutum ne da tauraron ɗan Adam ke nuna wa hanya a waya har Legas. Abin ya ba ni ƙyama, naman nan ma na kasa ci. An ce alkawari kaya ne; su a bakin akurki suka sauke nasu. Da Yaya zai leƙo, ko kallon ankon ba zai yi ba.

Na ɗauko madubin, na wanke kashin kajin, na tari keke na ƙetare gada. Na sami Malam Isa a zaure, ashe tun bara idanunsa suka rufe. Ya shafa bututun daga sama har ƙasa, ya ce, "Na yi ta jira, Madam. Bitrus ya ce sai na leƙa zan yarda da shi."

Ban san wanda ya ci musun ba. Kofunan za su fashe, ankon zai koɗe. Abin da ya saura na Yaya shi ne tsoho guda a tsallaken kogi, rungume da madubin da ba zai taɓa leƙawa ba.