Ruwan Hawainiya

Raɓa ba ta sauka a Tamanrasset. Na yi fiye da shekara a garin ban lura da haka ba, sai da hawainiya ta shigo hannuna.

A lokacin ina gadin wani kango ne a unguwar Sersouf, bene da mai shi ya kai rabi ya koma arewa ya bar shi. Waɗanda muka zo tare daga Damagaram duk sun watse. Wasu sun yi gaba, wasu kame ya rutsa da su an mai da su gida. Na rage ni kaɗai a ɗaki ɗaya mai ƙofa da taga, sauran ɗakunan kuwa iska ce ke kwana a ciki. Sharaɗi guda mai ginin ya kafa mini, kada in kuskura in hura wuta, saboda katakon da ya jibge a ƙasa. Da rana ina zuwa kasuwa dako, mu sauke kayan gwari daga manyan motocin da ke zuwa daga arewa. In na dawo sai ni sai bango. Akwai ranakun da in ban da sallama da karatun salla ba na furta komai, har in na buɗe baki muryar ta yi mini kamar ta baƙo.

A cikin akwatin lemu na same ta, lemun nan da ake tsinkowa da ganyensa. Ta manne da wani ɗan reshe, ta yi baƙi ƙirin don sanyi. Abokan dakona suka yi tsalle baya, ƙarti majiya ƙarfi masu ɗaukar buhun dankali kamar matashin kai, kowa na a'uzubillahi. Ɗaya har ya rarumo sanda. Na cire hulata na sa ta ciki. A lambun mahaifina akwai su a kan gwaiba, ba mu taɓa kashe su ba, amma ba wannan ne ya sa na ɗauke ta ba. Ta yi tafiyar da ba ta shirya ba, an sauke ta a garin da ba ta san kowa ba, ni kuwa ba sai an yi mini bayanin wannan ba.

Wani mai lambu daga ƙauyen Tit da ke kawo kaya kasuwa ya ba ni ɗan dashen rumman. Na dasa shi a bokitin fenti, na ajiye a bakin taga inda rana ke shigowa da hantsi. Abinci bai ba ni wuya ba. Ruɓaɓɓen dabino da gwangwanin kifi na ajiye kusa da ita, ƙudaje suka riƙa kawo kansu. Na kuma cika mata ɗan kwano da ruwa, na ce to, baƙuwa, ga masauki.

Ko kallon kwanon ba ta yi ba. Kwanaki suka shuɗe, idanunta suka fara faɗawa ciki, fatarta ta yi yaushi kamar tsohuwar jaka. Na matsar da kwanon, na ɗaga shi har bakinta, na yi mata faɗa ma, ta juya mini ido ɗaya ta bar ɗayan yana kallon rufi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga alamar za ta mutu a hannuna ga ruwa a gabanta.

Wata rana da la'asar na yi alwala a bakin tagar, na yarfe hannuna, ɗigon ruwa ya zuba a ganyen rumman. Sai na ga ta miƙa wuya a hankali, ta buɗe baki, ta lashe ɗigo ɗaya, ta bi na biyu. Nan na tuna safiyar lambunmu, yadda ganyen gwaiba ke kwana da raɓa. Ashe ita ba ta san ruwan kwano ba ne sam. Abin da ke rataye a ganye kaɗai take ɗauka ruwa. Tunda garin ba ya yin raɓa, sai ni zan riƙa yi mata.

Na roƙi wani mai aski tsohuwar gorar feshinsa, na wanke ta tas. Washegari na cika ta daga jarkar da ta kwana a waje, na fesa. Wanda bai yi sanyin Tam ba, kamar yadda muke taƙaita sunan Tamanrasset, bai san abin da nake faɗi ba, garin a kan duwatsu yake, ruwan da ya kwana a jarka in ka taɓa shi sai ka ji har cikin haƙori. Feshin na sauka a jikinta ta koma baƙa, ta rufe idanu, ta ƙanƙame reshe, ta wuni a haka ba ta sha ko ɗigo ba. Na gane ruwan ma sai mai ɗumi, ga shi ni ba ni da izinin kunna ko ashana.

A bakin titinmu, kusa da masallaci, akwai wani dattijo mai shayi, mutumin Maradi, kowa Baba yake ce masa. Da asuba na miƙa masa gorar.

"Baba, a ɗan tsiyaya mini ruwan zafi. Ba ganye, ba sukari."

"Mi za ka yi da shi, ɗana? Ciki na ka ciwo?"

"Hawainiya zan ba."

Ya ajiye butar, ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Kai dai Badamagare ba ka da dama. Mutane na kiwon tumaki, kai ka rasa abin kiwo sai wagga aba? Miƙo, amma kak ka kawo min ita nan."

Daga ranar kullum sai ya zuba mini. In sirka da na sanyi, in ɗiga a bayan hannuna kamar yadda na ga mata na gwada ruwan wankan jariri. Sai dai ruwan asuba ba ya jiran hantsi, ita kuma ba ta motsi sai rana ta taɓa ta. Na naɗe gorar a safa, ta huce. Na binne ta cikin bargo, ta huce. A ƙarshe na cusa ta cikin rigata, tsakanin singileti da fatar ciki, na ɗaure da igiyar wando, na rufa rigar sanyi a kai. Wannan ne ya yi. Ɗumin jikin mutum daidai yake da abin da take so, ba zafi ba sanyi. Da hantsi in fesa mata rabi, in tafi kasuwa da sauran a cikina, in yi dako da shi, in yi salla da shi, in dawo kafin rana ta faɗi in fesa mata ragowar.

In ruwan ya sauka sai ta fara washewa, daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, daga nan zuwa kore mai ɗigo-ɗigo. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya tana shawara kafin ta ajiye, kamar wadda aka ce ƙasan na da ƙaya. Ina zaune ina ba ta labarin kasuwa, wanda ya zage ni da wanda na rama a zuci. Ba ta taɓa nuna ta san da ni ba, gaskiya. Amma a garin nan kaf ita kaɗai ce za ta rasa wani abu in ban dawo ba, kuma wannan ya ishe ni dalilin dawowa da wuri.

Gora a cikin riga ba ta ɓoyuwa a wurin dako. Aka fara tambaya, na faɗi gaskiya, gaskiyar ta zaga unguwa ta dawo da wata kama. Mutanenmu sun san hawainiya da abu ɗaya, tana gabanka ba ka ganinta. A Tam kuwa duk wanda ba shi da takarda ba abin da yake nema irin kada ido ya gan shi ranar kame. Sai aka ce ai Badamagaren nan na kango ba banza yake ba, wanka yake yi wa hawainiya, ruwan da ya zubo daga jikinta in ka shafa a fuska ka wuce masu kaki kamar iska.

Wata Juma'a bayan masallaci sai ga sallama a ƙofata, abin da ban taɓa ji ba tunda na tare. Magina ne da masu fenti, mutanen Tasawa da na Agadas. Suka zauna a kan bulo, suka ce sun zo ganin aiki. Akwai farantin da nake sawa ƙarƙashin bokiti don kada ruwa ya ɓata siminti, shi suke so.

Na ce, "Jama'a, wallahi ba wani asiri. Sha take yi. Ba ta shan na kwano, shi ya sa nake fesawa a ganye."

Wani dogon mai fenti ya yi murmushi ya ce, "To, Malam. Ai duk mai abu haka shika cewa. Mu dai a taimaka muna."

Na rantse, na sake rantsewa, rantsuwar ta ƙara musu yaƙini. Na fesa a gabansu ina nuna musu bakinta, ga shi tana lasa, amma duk idonsu na kan faranti. Suka dangwala suka shafa. Daga nan kowace Juma'a ɗakina cike, ana kawo burodi da gyaɗa, ana taɗin gida, ana gardamar ƙwallo. Na ji daɗin zuwansu, ba zan ɓoye ba. Sai dai in sun tashi ɗakin ya fi da shiru, don na san ba wurina suka zo ba, ba kuma wurinta ba. Baba kam bai taɓa lekowa ba. Ya ce shi tsakaninsa da ita ruwan zafi ne kawai.

Ranar da abin ya faru, na karɓi ruwa wurin Baba, na sirka, na cusa a riga, na juya zan koma. Rana ba ta kai taga ba tukuna. Ban yi nisa ba motocin masu kame suka toshe titin gaba da baya. Ba gudu, ba magana. Aka tura mu cikin babbar mota, ina hango Baba tsaye da buta a hannu, shi yana da takardunsa. Motar ta fara tafiya, na leƙa ta tsakanin ƙarafa na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Baba! Hawainiyar! Ruwa!"

Ya ɗaga hannu alamar ya ji. Iyakar abin da na samu faɗa ke nan.

Da na zauna sai na ga dogon mai fentin nan a gabana, gwiwarsa na gugar tawa. Ya dube ni ya dubi tudun gorar a cikina, ya ce, "Malam, har da kai?" Muka yi dariya har hawaye, mutanen motar na kallonmu kamar mahaukata.

Tafiyar kudu doguwa ce, ba kuma ita nake son ba da labari ba. Abin da na sani, duk tsawon hanyar hannuna na kan gorar, ina gyara mata zama, kamar akwai inda zan kai ta. Sai da aka sauke mu muka taka da ƙafa zuwa iyaka, ƙishi ya kai mini wuya, sannan na fito da ita na fesa a bakina. Ruwan na nan da ɗuminsa.

Sai da na yi makonni a Agadas kafin na sami lambar Baba a wurin wani direba. Na ari waya na kira. Muka gaisa, ya tambayi lafiyata, ya yi mini jaje, ya ce unguwa duk ta yi fayau. Ina ta kewaye-kewaye na kasa tambaya, shi ya kawo maganar da kansa.

"Ɗana, abar nan taka ta mutu. Kwana biyu ke nan da na iske ta ƙasan bokiti."

Na ƙara manna wayar a kunne, shi kuma ya ci gaba.

"Amma wallahi ban bar ta da ƙishi ba. Ka san ni da tsoronta, to haka nika shiga ina addu'a. Kullum da sahe sai na kai mata ruwa cikin kwanon nan na bakin taga, in zubar da na jiya in zuba sabo. Mai ɗumi, kamar yadda kake so. Har da hannu nika gwadawa. Kwanon cike na iske shi ranar ma. Kwananta ne ya ƙare."

Na hango shi, tsoho da ciwon gwiwa, ya bar teburinsa da masu jiran shayi, yana hawa matakalar da ba ta da makari da buta a hannu, yana cika kwano a gaban abin da yake ƙyama. Duk asubar da na tsaya gabansa ina jiran ruwa, hirarmu ba ta taɓa kaiwa ga yadda take sha ba. Waɗanda na gaya wa kuma ba su saurara ba.

"Kana jina, ɗana?"

Na ce, "Ina jin ka, Baba. Ka yi mata duk abin da ya kamata. Allah ya saka da alheri."

Ya ce amin, ya ce in na sake shigowa in biyo in sha shayi. Na mai da wa mai waya wayarsa, na koma inuwar tasha na zauna. Gorar na cikin rigata, babu komai a cikinta, na kai hannu na gyara mata zama.