Ranar da kifin Rima ya sha rubutu

Mashigin da muke haye gulbin Rima zuwa Wurno ya girme ni nesa ba kusa ba. Tsofaffi sun ce tun da aka yi wa garin ganuwa mutanen ƙetare ke sammako su shiga, da yamma su komo. Sai wani masunci ya kafa zama gindin kurna yana yi musu fito, wato yana haye da su. Masu fura suka biyo shi, sannan wanzami, sannan 'yan zaman gulma, waɗanda ba su taɓa haye ko'ina ba. Sa'ad da na san wurin, jikan masuncin ke riƙe da shi, wani tsoho mai bakin tsiya.

Jirgi babu. Tuɓewa kake yi, ka rungumi ƙaton gora, tsohon ya tura ka yana iyo. A nan na ga alƙali daga shi sai bante, ƙafafu kamar sillen kara, tun ranar na daina jin tsoron shari'a. Dokar wurin ɗaya ce: abin da ka fi so ka ɗaure shi a ka da rawani, sauran a zuba cikin masaki, wato babbar ƙwarya, a jawo. Masaki kuwa ba shi da alkawari.

Wata damina na taso zan fara karatu wurin wani babban malami a Wurno, abokin marigayi mahaifina. Kayana biyu: littafin fiƙihu da mahaifina ya kwafa da hannunsa, wanda shi ne duk gadona, da sabuwar babbar riga da na ɗinka don a san an yi baƙo. Kai ɗaya ba ya ɗaukar su duka.

Tsohon ya ce, "Malam, wanne za ka aza bisa kai?"

Na ce, "Riga."

"Mi? Littahin hwa?"

"Yana cikin gafaka, fata ce. Kuma ruwa ba ya cin ilimi."

Ya ce, "To. Ni dai ban yi karatu ba, amma gulbin ga ma bai yi ba."

Muna tsakiyar ruwa wani kututture ya taho ya bangaji masakin, ya kife. Tsohon ya nutsa ya cafko gafakar, Allah ya saka masa. A gaɓa na buɗe, tawada na tsiyaya ta tsakanin yatsuna. Masu fura suka taya ni shanya takardun bisa yashi, tsohon kuwa yana shela: "Jama'a, kowa ya ci kihi bana ya sha rubutu!" Aka yi ta dariya, har da ni, amma tawa yaƙe ce.

Na sa rigata, ko ɗigo bai taɓa ta ba, na shiga gari ina taƙama ta dole. Malamin ya tsufa ƙwarai. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ɗana, an ce littahin babanka na wurinka. Miƙo in ga hannunai, na yi kewa tai."

Na miƙa. Ya yi ta buɗa takardun ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi toka-toka, ko harafi guda bai tsira ba. Na soma ba shi labarin kututture. Da na gama sai ya miƙo hannu ya shafa hannun rigata, ya murza shi a hankali.

Ya ce, "Rigar dai ba ta jiƙe ba."