Ranar da na wanke ƙwayayen Baba

Shekarata ta biyu ke nan a ɗakin miji, a Agadas, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mijina yana jan kamiyo, babbar motar kaya, yau Aderbissinat gobe Damagaram, sai ya bar ni da mahaifinsa da adakar mahaifinsa. Tsakanina da Baba lafiya lau. Adakar ce ta hana ni sakat.

Cike take da matattun ƙwayayen lantarki, waɗanda muke ce wa ampul. Mu gidanmu ko igiyar wuta babu, da fitilar mai muke kwana. Amma Baba ya yi rabin rayuwarsa yana hawa tsani a barikin annasara, ya cire ƙwan da ya mutu ya sa sabo, kuma bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Bai taɓa wanke ko ɗaya ba kuma. In ya ɗaga murfin adakar nan, wani wari ke tasowa, na tsohon maiƙo da kashin ɓera, har sai na toshe hanci da bakin zane.

Baba bai yi karatu ba, ga idonsa ya fara yana, don haka da hannu da hanci yake gane su. Masu kauri da nauyi tsofaffi ne, masu sirara na baya-bayan nan. Gida da shekara kuwa, dauɗar ce ke gaya masa. Ya kankare da farce, ya sansana, wani lokaci har ya ɗan taɓa da harshe, ni ina kallo. Sai ya ce wannan mai danƙo na madafar kumandan ne, babban annasaran barikin, mai cin alade, shekarar fara. Wannan da kashin ƙuda ya rufe shi baƙi ƙirin na gidan kaso ne, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe. Ya gama ya tsoma hannun nan a ƙwaryar fura, wadda ni ma daga ciki zan sha.

Ya gaya mini tun farko, ba ɓoye-ɓoye. "Ƴar nan, kar ki taɓa su. Ni ba ni da takarda. In wannan dauɗar ta tafi, shekaruna sun tafi." Na ce to, Baba. A raina na ce ƙazanta dai ƙazanta ce, ko da an yi mata rawani.

Sai na sami ciki, komai ya koma tayar mini da zuciya. Wata Juma'a na ɗaga faifan da na rufe fura, na tarar Baba ya manta da ƙwan lantarki guda a kai, mai danƙon nan, kyankyasai biyu suna lasa, na uku yana iyo a cikin furar. Na yi amai har hanjina ya yi ciwo. Yana fita masallaci na jawo adakar tsakar gida. Toka, sabuni, ruwa uku. Ruwan farko ko akuya ba za ta kusance shi ba. Da tsinke na riƙa ciro busassun ƙwari daga gindinsu. Ban fasa ko ɗaya ba, na jera su a tabarma suna ƙyalli, har ina jin na yi abin kirki.

Da ya dawo ya durƙusa ya lalubo ɗaya. Ya sansana, ya ajiye, ya ɗauki wani. Bai yi mini faɗa ba, suruki ba ya yi wa suruka faɗa, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana huɗu yana zaune a tabarmar nan yana rarrabewa. Abin da ya samu tsibi biyu ne kawai, masu kauri nan, sirara can.

Rana ta biyar ya kira ni. "Ƴar nan, ke kin gan su kafin ki wanke. Akwai na ɗakin likita, mai ɗigon jan magani a gefe. A ƙarƙashinsa uwar mijinki ta cika. Wanne ne?"

Wallahi ban sani ba. Duk wankin nan fuskata a kauce na yi shi, don ƙyama. Na dubi tsibin, na dubi hannun da ya miƙo, na ɗauki wanda ya fi kusa da ni na sa masa. Ya daɗe yana sansanawa, ba abin da zai ji sai sabunina. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya naɗe shi a tsumma ya sa aljihu.

Har ya rasu yana fito da shi ya nuna wa jikoki, ya ce ga fitilar kakarku, su karɓa da hannu biyu. Ni kuwa sai in tashi in shige madafa, don na sha jin shi da bakinsa yana cewa a adakar nan akwai na masai, wato ban ɗakin kumandan, har guda uku, ni kuwa ban san ko ɗayansu na miƙa masa ba.